Ranar da Na Tsaya Gaban Alƙali Saboda Fasfonki

Zuwa ga Uwani, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa daga gida zuwa gare ki da mutanen da suka sauke ki. Ina roƙon Allah wagga takarda ta tarar da ke kina lafiya, kina cin abinci, kina sallarki bisa lokaci. Allah shi tsare ki daga sharrin hanya da na baki da na ido, shi sa ƙasar da za ki ta yi miki sauƙi.

Malam Isa mai rubutun wasiƙa na bakin gidan waya na Konni shi ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne. Na ce masa kada ya gyara mini magana. In kin ga ta karkace, haka ta fito.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Hatsi ya nuna, kowa na nan, shi ke nan. Maganar takardunki ta kawo ni.

Wasiƙarki ta iso, an karanta mini. Kin ce gwamnati ta ɗauke ki karatun likita a Maroko, kin je kwamisariya, ofishin ƴan sanda, neman fasfo, mutumin buro ya shimfiɗa takardunki bisa tebur ya ce shi mata uku yake gani, wacce daga ciki ke son tafiya? Takardar haihuwa da katinki na ɗan ƙasa sun ce ke ɗiyar Amadu ce, an haife ki Badagishiri, kina zaune Malbaza, kuma sunan yankanki ke kansu. Takardun lakwal duka, na bokon da kika yi, har da wadda ta zo daga Maroko, sun ce Uwani Umaru ta Tajaye. Katin iyalina kuma ya ce Uwani Amadu, ta ƙauyenmu na nan gefen Konni. Kin ce in ba a haɗa matan ga sun zama guda ba kafin wata ya ƙare, wata za a ba wurinki.

Da aka gama karantawa na ce mutanen buro ba su da aikin yi. Har yanzu ban janye ba. Mutum na tsaye gabanka da hanci da ido, kai kana tambayar takarda ko shi wane ne. Amma da azahar na kishingiɗa ƙarƙashin tsamiyar gonarmu, barci ya ɗan ɗauke ni, sai na ga fadamar Badagishiri shar da ganyen albasa, ga ƴan mata uku na tafiya bisa kunya ɗaya, zanensu iri ɗaya, kowace da tulu. Na buɗe baki in kira su, sai na rasa da wane suna. Suna ta tafiya, fadamar na ƙara faɗi, har ta koma ruwa mai motsi irin wanda na taɓa gani a bakin teku ina saurayi. Na farka rawanina ya faɗi, akuya na cin gefensa. Tun ranar nake juya yadda aka yi ɗiya guda ta rabu uku, kuma duk inda na juya sai in tarar da sawuna a wurin. Ba ni kaɗai ba, ki riƙe wannan. Amma akwai sawuna.

Ke ce ta farinmu. Uwarki ta tafi gidansu Badagishiri haihuwa, kamar yadda kowace mai cikin fari ke yi. Ranar da ɗan aike ya zo da labari ina cikin gona. Ya ce an sauka, mace. Na ce to, na ci gaba da noma. A lokacinmu namiji ba ya nuna murnar ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa, in an yi zancensa a majalisa sai ya dubi ƙasa. Na kai ƙarshen kunya na dawo, na sake kai wata, ban san ma ciyawa nake sara ko hatsi ba. Ranar suna manya suka raɗa miki sunan Inna, mahaifiyarmu, wadda ba ta daɗe da rasuwa ba. Sai kunya ta zama biyu: ga ɗiyar fari, ga sunan uwa. Wa zai kama sunan uwarsa ya yi ta jifa da shi a tsakar gida? Shi ya sa kika zama Uwani a bakin dukkanmu.

A gidan likita aka haife ki. Kawunki Sani, wan uwarki, shi ya tsaya gaban mai rubutu, ya faɗi sunan yanka, ya faɗi nawa. Takardar ta shiga kwallar uwarki, ƙarƙashin zannuwa. Ni ban tambaya ba, ban ma san akwai ta ba sai da kika girma. Da na tambaya, da na ɗauke ta na bi ki da ita duk inda aka kai ki, da yau ba mu wannan wahala. To ki ji. Ranar da Allah ya ba ki naki, kada ki bar wani ya tsaya gaban mai rubutu a madadinki. Ki sa a karanta miki abin da aka rubuta da ƙarfi, ki ajiye takardar inda hannunki ke kaiwa. Kunya abu ce mai kyau, ban ce ki yar ba. Amma ki yi ta a tsakar gida, kada ki kai ta buro.

Da aka yaye ki, wana Umaru ya zo daga Tajaye ya ɗauke ki riƙo. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka ake yi, ɗan fari na babban wa ne. Ina tuna ranar. Ya ɗora ki gaban raƙuminsa, kina riƙe da guntun rake, ba ki ko waiwayo ba. Ni ina gyaran darni, bayana na wajenku. Har suka ɓace ina jin ƙarar ƙararrawar raƙumin, kuma wani lokaci in iska ta juyo daga arewa har yau sai in ji kamar ita ce.

Abin da Umaru ya yi daga baya shi ne laifi, kuma ko gaban wa zan faɗa. Shekarar da gardi, dogaran gwamnati, suka zo Tajaye ɗibar yaran lakwal, mai gari ya ce kowane babban gida ya ba da guda. A lokacin ana ganin wanda aka kai lakwal kamar an yi asararsa. Umaru ya saka ɗansa Garba cikin rumbu ya rufe, ya kama hannunki ya kai. Mushe, malamin lakwal ɗin, ya ce ki ɗora hannu bisa kai ki taɓa kunne, kika taɓa, ya yanka miki shekaru da ido. Ya tambayi suna. Umaru shi ma ɗan Inna ne, bakinsa ba zai ɗauka ba, ya ce Uwani. Ɗiyar wa? Ya ce tasa. An haife ta ina? Ya ce nan. Daga baya suka je Illela, inda hukumar yankinsu take, aka buga wa maganar hatimi, ta zama gaskiyar gwamnati.

Da labari ya zo mini na tafi Tajaye da ƙafa. Na tsaya ƙofar gidansa na faɗa masa abin da ba a faɗa wa babban wa. Na ce na ba shi amana ya biya bashin gardi da ita. Ya ce in ina da ƙarfi in je in karɓo ki hannun kwamandan mai mulkin yankin. Na ce daga yau ba ni ba shi. Na juyo. Hanyata ta bi ta gaban lakwal ɗin, rumfar zana ce a lokacin, ina jin muryoyinku kuna maimaita karatun Nasara kamar kwaɗi bayan ruwa. Na rage tafiya ko zan tsinci taki a ciki. Ban shiga ba. Da na leƙa na ce wa mushe yarinyar ga tawa ce, ga sunanta, ga garin da aka haife ta, da ya goge ya gyara kafin tawada ta bushe. Fushi ya hana ni. Na tafi da fushina gida na yi ta kiwonsa, shi kuma rubutu ya zauna yana haihuwa, kowace jarrabawa kika ci sai ya haifi wata takarda da sunan Umaru.

Ga abin da zan ce miki a nan. Za a ɓata miki rai a can, dole ne, baƙo ba ya rasa mai taka shi. In an ɓata miki, kafin ki juya baya ki tambayi mi aka rubuta. Fushi zai jira ki, ba inda za shi, ni shaida ne.

Sai katin iyali. Duk shekarar da aka zo ƙidayar masu biyan lanho, harajin kai, mai garinmu sai ya ce, “Amadu, yarinyar ga ba ta gidanka, a mayar da ita katin Umaru ka huta.” Ni kuma in ce ba a taɓa ta. Umaru ya kai ki lakwal, shi kike kira Baba, ni kina ce mini Baba ƙarami kamar wani baƙo, to ko a takarda guda dai ki zauna gidana. Ba na karatu, amma na san layinki, na biyu ne daga ƙasan na uwarki. In na buɗe jakar fata neman wani abu nakan ɗora yatsa a kansa. Ashe ina ajiye ki a garin da ba ki sake yin damina ba tun yaye, kuma gwamnati ba ta son mutum ya kwana gida biyu.

Ni ban ɗauki zancen suna da gari da nauyi ba saboda yadda na yi tawa ƙuruciyar. Da na tafi Kumasi neman kuɗi, a zango ana ce mini Na-Konni, mai gidan da na yi wa dako yana ce mini Dogo, a wata takarda ma an sa ni mutumin Sakkwato don na bi ayarin Sakkwatawa. Duk na amsa, ba abin da ya ragu a jikina. Na gangara har bakin teku, na ga jiragen ruwa tsaye can nesa kamar garuruwan da aka tumɓuke aka ɗora bisa ruwa, da maraice fitilunsu na rawa. Wani ya ce ana ɗaukar ma'aikata. Na je, aka ce in kawo takarda, na zube musu guda uku, ba wadda ta san ƴar'uwarta. Bature ya tura mini su da bayan alƙalami. Na zauna bisa yashi har jirgin ya shige cikin hazo. Ban taɓa gaya wa uwarki ba. Da ina da wayo da na koyi darasi tun ranar, amma na ce Baturen ne ɗan iska, kuma ɗan iskan ne. Ke dai ki riƙe suna guda da gari guda. Ko da wasa aka laƙaba miki wani a can, ki yi dariya, amma kada ki bari ya hau takarda.

Ke ma da naki laifin, kada ki ce tsoho ya kwashe duka. Da kika isa yin katin ɗan ƙasa kina hutu gidan ƙanwar uwarki a Malbaza, kika zo kika roƙi takardar cikin kwalla, kika kai ta aka yi miki kati da sunan yanka da nawa. Uwarki ce ta gaya mini, tana tankaɗe, ba ta dube ni ba. Ta ce, “An tambaye ta ɗiyar wa, ta ce ta Amadu.” Na ce to mi ya dame ni, na fita duba dabbobi. Na daɗe wurin dabbobin ranar. Kuskure ne kika yi, shi ya ƙara dagula lissafin, kuma kada ki sake irinsa. Ban ce ban ji daɗi ba.

Yanzu ga yadda aka yi. Na ɗauki kwafin takardun da kika aiko na tafi gidan shari'a na Konni. Akawu ya duba ya ce akwai magani: alƙali na iya yin takardar da za ta ce duk sunayen ga mutum guda ne. Amma sai an kawo wanda ya haifa, da wanda ya riƙa, da shaidar haihuwa, su tsaya tare.

Na ce, “Wanda ya riƙa ba ya tafiya.”

Ya ce, “Ya rasu?”

Na ce, “Bai rasu ba. Ba mu magana.”

Ya ce, “Baba, alƙali bai ce ku yi hira ba, cewa ya yi ku tsaya.”

A bakin ƙofa akwai wasu zaune bisa benci, kullum suna nan, sana'arsu shaida. Wani mai furfura ya biyo ni ya ce in ina so shi zai zama Umaru, ya taɓa zama mutane da yawa. Ba zan ɓoye miki ba, na tsaya na dube shi sama da ƙasa, har na ga tsawonsu ya yi daidai. Na koma gida na gaya wa uwarki.

Ta ce, “Madalla. Tana da uba biyu ta rasa fasfo, ka ƙara mata na haya.”

Na ce, “Ke ba ki san Umaru ba.”

Ta ce, “Na san ka dai. Ka fi son ɗiyar mutane ta zauna ta yi ta tallar fura da takardun likita a kai, da a ce ka yi sallama a Tajaye.”

Ɗiyar mutane, ki ji fa, ita ma har yau bakinta bai iya cewa tata ba. Amma ki riƙe wannan: kada ki taɓa sayen shaida, kada ki bari wani ya kankare miki harafi a takarda don a gajarta hanya. Mace ta huɗu za a haifa, kuma ita ce za ta kai ki gidan kaso a ƙasar da ba ki da mai kawo miki tuwo.

Da safe na hau motar kasuwa zuwa Tajaye. Hanyar ta canza, itatuwan da na sani duk an sare, amma tudun nan ja na nan, da garken Fulani na gangarowa kamar ba su motsa ba tun wancan zuwan. Na yi ta gyangyaɗi, ina ganin kaina yaro, Umaru na goye da ni za mu kai wa Baba fura gona, yana ce mini in na yi kuka zai ba kura ni. Mota ta tsaya na farka.

Na tarar da shi zaune a zaure yana tufkar igiya. Ya tsufa, Uwani. Ba wanda ya gaya mini ya tsufa haka. Idonsa guda ya yi fari. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, hannunsa ya tsaya bisa igiyar.

Ya ce, “Muryar ga ta yi kama da ta wani mai bakin tsiya da na sani.”

Na ce, “Shi ne. Ba gaisuwa ta kawo ni ba.”

Ya ce, “Awo. Ai ban ga goro ba.”

Na zauna can gefen tabarma na faɗa masa abin da ke akwai. Bai katse ni ba. Da na gama ya kira a kawo masa takalmansa da babbar riga. Aka kawo fura, na ce na ƙoshi. Ya ce in sha, ba tasa ba ce, ta matarsa ce, ita ba ta yi mini komai ba. Na sha.

A mota muna matse, kafaɗarsa cikin tawa. Can ya ce, yana duban taga, “Na saka Garba rumbu na ba da ita. Na ɗauka kai na cuta. Ga Garba can yana lodin albasa, bayansa ya riga nawa lanƙwashewa.”

Na ce, “Ni ɗin dai ka cuta.”

Ya ce, “To.”

Iyakar abin da muka yi ke nan, kada wani ya ce miki mun rungumi juna.

Kawunki Sani ya same mu Konni. Alƙalin yaro ne, bai fi sa'ar Garba ba, da tabarau, fanka na juyawa bisa kansa tana ɗaga gefen takardu. Ya tambayi kawunki, ya faɗi abin da ya sani. Ya tambayi Umaru, ya ce, “Ni na riƙa, shi ya haifa. Ni na ce wa mushe tawa ce.” Sai ya juyo kaina.

Ya ce, “Malam Amadu, mi ne sunan yankan ɗiyarka?”

Na ce, “Yana cikin takarda, ranka shi daɗe.”

Ya ce, “Na gani. Daga bakinka nake son ji.”

Na ce, “Sunan tsohuwarmu ne. Ga babba nan, shi ya faɗa.”

Umaru ya ce, “Ni na haife ta? Kai aka tambaya.”

Akawu ya sunkuyar da kai yana dariya. Alƙali bai yi ba. Ya cire tabarau ya ce shi ma ɗan fari ne, ubansa har ya koma ga Allah bai kira sunansa ba, ya san abin. Amma ba zai rubuta uba ya shaida ba alhali uba bai buɗe baki ba. Ya ce in ɗauki lokacina.

Na dubi ƙofa, rana ta zubo ta cikinta har tsakiyar ɗaki, sai na ga kamar Inna ce za ta shigo da ƙwaryar nono bisa kai, tana share gumi da gefen mayafi, ta ce wa ya kira ni. Tun ina yaro ban ji sunan ga a bakin kowa na gidanmu ba, sai a bakin kakarmu in tana faɗa. Na ce, “Zainabu.” Ya ce in ƙara ɗaga murya. Na ce, “Zainabu. Ɗiyata ce, ta fari.” Umaru ya ja gefen rawani ya rufe fuska. Ba abin da ya faɗo daga sama.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Alƙali ya ce takardar za ta haɗa sunayen, amma fasfo suna guda yake ɗauka, sai mu zaɓa. Umaru ya yi caraf ya ce a sa na Amadu, haƙƙinsa ne. Na ji zuciyata ta yi tsalle, ba zan yi miki ƙarya ba. Na riga na ga littafin fasfon nan a hannun Larabawa suna karanta sunana. Sai alƙali ya ce ana iyawa, amma sai an bi takardun lakwal ɗaya bayan ɗaya an sake su a Yamai, a kuma rubuta wa mutanen Maroko su sake tasu, abin da zai ci shekara. Su can Uwani Umaru suka kira, ita suke jira. In an bi na lakwal, katin ɗan ƙasa kawai za a sake, a gyara layin uba a takardar Illela, a mayar da ke katin gidan da kika tashi don mazauni ya daidaita.

Na tambaye shi, “In an sa nawa, wurin nata zai jira?”

Ya ce, “Ba na jin zai jira.”

Na ce, “A bar na Umaru.”

Umaru ya fara magana, na ce ya yi mini shiru, ya yi magana tun shekarun da suka wuce ta ishe mu. Na dangwala yatsa. Washegari muka bi ta buro da katin iyalina, wani yaro ya ɗora abin ja layi bisa layinki ya ja jan alƙalami, shar, ko dubana bai yi ba, yana ta hira da abokinsa zancen ƙwallo. Mutanen buro ke nan. Muka wuce Illela aka sa ki katin Umaru, aka ba da takardar mazauni ta Tajaye.

Ga su nan duka cikin ambulan ɗin ga, na naɗe da leda saboda ruwa, direban da ya kawo taki shi zai miƙa miki hannu da hannu. Ki fara sake katin ɗan ƙasa, sannan ki koma kwamisariya. Kada ki ba kowa ta alƙali ta asali sai kin yi kwafi an buga masa hatimi. In mai buro ya rubuta abu, ki karanta kafin ki tashi, ke kin iya, ba irina ba ce. Kada ki ji nauyin cewa Mushe, nan ba daidai ba ne. In ya ɗaure fuska, fuskarsa ce. Inda duk aka tambayi mazauni ki ce Tajaye, kada yau Malbaza gobe Konni. Inda aka tambayi sunan uba a cikin takarda, alƙali ya ce nan nawa zai zauna, ƙanana ne haruffan amma suna nan, Malam Isa ya nuna mini wurin.

Uwarki ta sa kilishi da yaji da ƴar kuka. Ta ce in gaya miki an ce can akwai sanyi, ki rufe ƙirji. Ki rubuto wa Umaru, idonsa ba ya gani sosai amma akwai mai karanta masa. Ni ko ba ki rubuto ba ba komai. In kin rubuto, Malam Isa na nan.

An ce jirgin sama na bi ta bisa hamada, mutum ya leƙa ya ga duniya kamar shimfiɗar tabarma, garuruwa kamar an watsa gero. In kin leƙa ba za ki gane namu ba, kada ki wahalar da ido. Ki yi addu'ar tafiya ki jingina. In kun sauka za su tsaya da takarda a hannu suna kiran mutane da irin harshensu. Za su ce Uwani Umaru. Kada ki tsaya, kada ki waiwaya neman wata, kada ki ce a ranki kin ci amanar wani. Ni na ce a bar shi, gaban hukuma, da hankalina. Ki ɗaga hannu ki amsa da ƙarfi, yadda na bayan layi zai ji.

Allah shi kai ki lafiya, shi tsare gabanki da bayanki, shi haɗa ki da mutanen kirki, shi ba ki abin da kika je nema. Allah shi dawo mana da ke muna raye, in kuma ba mu, shi sa ki tarar da ƙofa buɗe. Na bar ki hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Ni ne,
Baba ƙarami, Amadu.